Masu Cewa Halittun Wata Duniya Sun Ɗauke Su: Me Ya Same Su a Daren?

Labarin kusan iri ɗaya ne a bakin yawancinsu. Mutum yana kwance a ɗakinsa, dare ya raba, sai ya farka ya ji jikinsa ya mutu murus. Idonsa biyu, yana ganin ƙofa da taga da agogon bango, amma ko ɗan yatsa ya kasa ɗagawa. Ya so ya yi ihu, murya ta ƙi fita. Sai wani ƙugi a kunne, sai haske, sai zuciyarsa ta ba shi tabbas cewa akwai wani a ɗakin. A gefen gado ga wasu gajerun halittu masu launin toka, kai ƙato, idanu baƙi wuluk dara-dara, ba hanci sai 'yan ƙofofi biyu. Daga nan ya ji an yi sama da shi, ya tsinci kansa a kan tebur a wani ɗaki mai kama da na tiyata, ana soka masa allurai ana ɗibar wani abu daga jikinsa. Gari ya waye yana kan gadonsa, a gajiye, a firgice, wani lokaci da ɗan tabo a ƙafa wanda bai san inda ya samo shi ba.

Dubban mutane, mafi yawansu a Amurka, sun ba da wannan labari daga shekarun 1960 zuwa yau. A cikinsu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan gwamnati, da matan aure, da 'yan sanda. Masu sauraro kan rabu gida biyu: wasu su ce ai da gaske jirgi ya sauko daga wata duniya, wasu su ce mafarki ne ko ƙarya ko taɓin hankali. Ni dai duk amsoshin ba su gamsar da ni ba. Babu hujjar da ta nuna an ɗauki kowa zuwa ko'ina, wannan a fili yake. Amma kuma wanda ya ce "mafarki ne kawai" bai saurari mutanen da kyau ba, domin abin da suke ta nanatawa shi ne idonsu biyu abin ya fara, kuma a nan gaskiya suke faɗa.

Bari mu soma da inda labarin ya samo siffarsa. A daren 19 ga Satumba 1961, Barney Hill da matarsa Betty suna komawa gida Portsmouth a jihar New Hampshire daga hutun da suka yi a Kanada. Shi ma'aikacin gidan waya ne, ita jami'ar jin daɗin jama'a. A kan hanyar da ta ratsa duwatsun jihar suka ga wani haske da suka ji kamar yana bin motarsu. Barney ya fita ya duba da madubin hangen nesa, ya tsorata, ya dawo ya ja mota a guje. Sun isa gida da asuba, daga baya suka lissafta cewa tafiyar ta ɗauke su wajen awa biyu fiye da yadda ya kamata. Rahoton da suka kai wa sansanin sojan sama na Pease a lokacin bai ƙunshi zancen an ɗauke su ba. Haske suka ce sun gani.

Cikin 'yan kwanaki Betty ta aro littafi kan faifai masu tashi a laburare ta karanta. Bayan kamar kwana goma sai ta shiga yin mafarkai, dare biyar a jere, cewa wasu mutane sun tare su sun shigar da su jirgi sun yi musu gwaje-gwaje. Ta rubuta mafarkan, ta kuma riƙa ba da labarinsu mijinta yana ji. Sai a ƙarshen 1963, fiye da shekara biyu da faruwar abin, suka je wurin wani likitan ƙwaƙwalwa a Boston, Dakta Benjamin Simon, wanda ya yi musu hifnosis, wato ya sa su cikin wani hali na nutsuwa mai zurfi tsakanin barci da farke, yana yi musu tambayoyi. A can ne cikakken labarin sacewa ya fito daga bakin su biyun. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hukuncin likitan da kansa: Simon bai yarda an sace su ba. A ganinsa mafarkan Betty ne suka zama ginshiƙin labarin, Barney kuma ya sha su a kunne har suka zama nasa. Littafin da ɗan jarida John Fuller ya rubuta a kansu a 1966 shi ya yaɗa labarin a duniya, ra'ayin likitan kuwa ya ɓace a cikin hayaniya.

Akwai wani ɗan bayani a nan da nake ganin ya fi komai faɗakarwa. A mafarkan da Betty ta rubuta, halittun suna da baƙin gashi da dogon hanci, har da huluna. Babu ƙaton kai mai sanƙo, babu fuskar da aka sani yau. Idanun nan masu zagayowa gefen kai daga bakin Barney suka fito, a zaman hifnosis na watan Fabrairu 1964, kwana goma sha biyu bayan wani shirin talabijin mai suna The Outer Limits ya nuna wata halitta mai irin waɗannan idanu. Betty ta ce ba su taɓa kallon shirin ba, kuma babu mai iya tabbatar da akasin haka. To amma ruwa ba ya tsami banza, musamman idan aka dubi yadda fuskar baƙin take sauyawa da zamani. A shekarun 1950 masu cewa sun gana da su, irin su George Adamski, kyawawan mutane masu dogon gashi suke kwatantawa, kuma daga duniyar Zuhura suka ce sun zo. Da kumbunan bincike suka nuna zafin Zuhura ya haura digiri 450, wanda ke narkar da dalma, sai baƙin suka yi ƙaura zuwa taurari masu nisa. Antônio Vilas-Boas, manomin Birazil da ya ce an ɗauke shi daga gonarsa a 1957, halittu masu rigunan toka da hulunan kwano ya gani. Bayan 1987 kuwa, da littafin Whitley Strieber ya fito da hoton fuskar nan mai manyan baƙaƙen idanu a bangonsa, aka sayar da shi kamar me, sai kusan kowa ya koma ganin fuska ɗaya. Masu goyon baya suna cewa kamanceceniyar labaran ita ce babbar hujja. Ai kamanceceniyar ta ƙaru ne bayan kowa ya riga ya ga hoton.

Wannan ya bayyana fuskar. Bai bayyana daren ba. Daren yana da suna, kuma ba baƙo ba ne ga kowa: dannau.

Tun 1953, lokacin da Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman a Jami'ar Chicago suka lura cewa idon mai barci yana yin wani motsi da sauri a wasu lokutan dare, aka gane barci hawa-hawa ne. A matakin da ido ke wannan motsi ne ake yin mafi yawan mafarkai masu rai. A daidai lokacin, wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa yana aika saƙo zuwa laka ya kashe jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi. Hikimar a bayyane take: da ba a yi haka ba, mai mafarkin gudu zai tashi ya ruga ya faɗa bango. Akwai ma wata cuta da wannan makulli ke lalacewa, masu ita sukan yi naushi da shuri cikin barci har su ji wa na kusa da su ciwo. Dannau akasin wannan ne. Hankali ya farka, makullin bai buɗe ba tukuna. Ido yana motsi, numfashi yana tafiya, sauran jiki a kulle. Tsokokin ƙirji ba sa aiki sosai a wannan hali, shi ya sa idan mutum ya yi yunƙurin jan dogon numfashi sai ya ji kamar an ɗora masa nauyi. Sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari yana a kunne, sai ya shiga neman abin tsoro a ɗakin, injin mafarki kuma da bai gama tsayawa ba ya samar masa. Hoton mafarki ya hau kan ɗakin gaske. Mutum yana ganin labulensa na gaske da agogonsa na gaske, ga kuma wani tsaye a tsakaninsu.

Allan Cheyne na Jami'ar Waterloo a Kanada ya tattara bayanan mutane masu ɗimbin yawa da suka yi dannau, ya ga abin da suke ji ya kasu uku. Akwai jin cewa wani ya shigo, tare da motsin ƙafa ko inuwa ko ƙugi. Akwai nauyi a ƙirji da shaƙewa da jin ana taɓa jiki, har da al'aura a wasu lokuta. Sannan akwai jin mutum yana shawagi, ko ana jan sa, ko ya fita daga jikinsa yana kallon kansa daga sama. A jera waɗannan kusa da labarin sacewa a gani: baƙi a gefen gado, gwaji a jiki, tashi sama ta cikin rufi. Da wuya a sami wani ɓangare na farkon labarin da babu shi a nan.

Kuma abin ba ƙaranci gare shi ba. Wani nazari da Brian Sharpless da Jacques Barber suka fitar a 2011, wanda ya haɗa bincike fiye da 30, ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa yin dannau, a tsakanin ɗalibai kuwa ya kai kashi 28. Rashin isasshen barci, aikin dare, damuwa, da kwanciya rigingine duk suna jawo shi. A 1992 masu bincike a Japan sun haddasa shi da gangan a ɗakin gwaji, ta hanyar tashin mutane daga barci a wani ƙayyadadden lokaci sannan a bar su su koma. Abin da za a iya kunna shi a ɗakin gwaji ba ya buƙatar jirgi daga sama.

Abin da ke bambanta wuri da wuri shi ne wanda ake cewa ya zo. David Hufford, masanin al'adun baka, ya tarar a Newfoundland ta Kanada ana cewa wata tsohuwa ce ke hawa ƙirjin mutum. A wani yanki na Italiya wata mayya ce ko ƙatuwar kyanwa. A Masar, binciken Baland Jalal da Devon Hinton ya nuna kusan rabin waɗanda aka tambaya aljani suke ɗora wa alhaki, kuma da aka kwatanta su da mutanen Denmak, waɗanda galibi ke ɗaukar abin a matsayin tangarɗar jiki, sai aka ga Misirawan sun fi jin tsoronsa kuma ya fi maimaita musu. Tsoro yana hana barci, rashin barci yana kawo dannau, dannau yana ƙara tsoro. Ba ina cewa ɗakin gwaji ya yanke hukunci kan gaibu ba ne, wannan ba hurumin na'ura ba ne. Abin da ake iya aunawa shi ne, hali ɗaya na jiki yana karɓar fassara daban-daban gwargwadon abin da mutum ya taso yana ji. Ba'amurken da ya girma da labarin kumbo da finafinan sararin samaniya, wanda kuma ba ya son a ce ya yarda da fatalwa, fassarar da ta fi kusa da hannunsa ita ce halittar wata duniya. Tana da kamannin kimiyya.

Sai dai dannau daƙiƙoƙi ne, in ya yi tsawo 'yan mintoci. Ina aka samo labarin awa biyu a cikin jirgi, da tebur, da allura, da jariran da aka ce rabi mutum rabi baƙo? Nan ne aikin ya koma hannun masu taimako, kuma nan ne na fi ganin laifi.

Yawancin mutanen ba sa tashi da safe da cikakken labari. Abin da suke da shi shi ne tsoro da tambaya. Sai su ji wani shiri ko su karanta wani littafi da ya ce: in ka taɓa farkawa ba ka iya motsi, in ka taɓa rasa inda awa guda ta shiga, in kana da tabon da ba ka tuna asalinsa, to wataƙila an ɗauke ka an goge maka tunani. Sai su nemi wanda zai "dawo" musu da abin da aka goge. Fitattun masu wannan aiki ba likitoci ba ne. A lokacin, Budd Hopkins mai zane ne a New York, David Jacobs kuma malamin tarihi ne a Jami'ar Temple. Dukansu sun yi wa ɗaruruwan mutane hifnosis, kuma dukansu sun riga sun gaskata sacewar kafin mutum ya zauna a gabansu.

Mutane da yawa suna zaton tunani kamar faifan bidiyo ne da ke ajiye a ka, hifnosis kuma mabuɗin ɗakin ajiyar. Bincike ya daɗe da rushe wannan. Duk sanda aka tuna abu, sake gina shi ake yi, kuma sabon kaya na iya shiga ginin. Elizabeth Loftus ta nuna haka a 1995: aka ba mutane 24 labaran ƙuruciyarsu da aka samo daga danginsu, uku na gaskiya, ɗaya na ƙarya cewa sun taɓa ɓata a wata babbar cibiyar kantuna suna yara. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka "tuna" ɓatan, wasu har da ƙarin bayani daga kansu. Wannan ba tare da hifnosis ba ma. Shi kuwa hifnosis abin da yake ƙarawa shi ne yawan bayani da ƙarfin tabbaci, gaskiya da ƙirƙira a cakuɗe, har mai tunawar ba ya iya rarrabe su. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi gargaɗi a kan haka tun 1985, kuma kotuna da yawa a ƙasar sun taƙaita karɓar shaidar da aka samo ta wannan hanya. A 1977 ma wani malamin jami'a a California, Alvin Lawson, ya yi wani gwaji mai sauƙi: ya samo mutanen da ba su taɓa iƙirarin komai ba, aka yi musu hifnosis aka ce su ƙaddara an ɗauke su. Labaran da suka zubo sun yi kama ƙwarai da na masu cewa da gaske ne.

Da irin wannan tunani aka kai ga adadin nan da har yanzu ake yawo da shi, wai Amurkawa miliyan 3.7 aka sace. Asalinsa wata ƙuri'ar jin ra'ayi ce da kamfanin Roper ya gudanar a 1991, wadda Hopkins da Jacobs suka tsara tambayoyinta. An tambayi mutum 5,947, kuma ba a tambayi kowa ko an taɓa sace shi ba. An tambaye su ne abubuwa biyar: farkawa a sandare da jin wani a ɗaki, jin ana shawagi, ɓacewar awa guda, ganin haske a ɗaki, da tabon da ba a san asalinsa ba. Mutum 119 suka amsa huɗu daga cikin biyar, sai aka ce waɗannan an sace su, aka auna da yawan jama'ar ƙasar. A lura, uku daga cikin tambayoyin alamomin dannau ne tsantsa. In kuwa aka ɗauki adadin da gaske aka raba shi a kan shekara talatin tun daga daren su Hill, za a samu ana ɗauke sama da mutum 300 kowace rana a ƙasa ɗaya, ba maƙwabci ya gani, ba na'urar hangen jirage ta kama.

Da na faɗi duk wannan, wani zai ce to ashe mahaukata ne ko maƙaryata. Binciken bai nuna haka ba, kuma a nan masu izgili suke kuskure. Nicholas Spanos na Jami'ar Carleton a Kanada ya auna irin waɗannan mutane a 1993, bai same su da taɓin hankali fiye da sauran jama'a ba, ba su kuma gaza kowa basira ba. John Mack, babban likitan ƙwaƙwalwa a Harvard wanda ya taɓa cin kyautar Pulitzer a 1977, ya zauna da da yawa daga cikinsu ya ga lafiyarsu ƙalau, ga kuma firgici na gaske a tare da su. Wannan ne ya ja shi har ya karkata ga cewa wani abu da ya fi ƙarfin saninmu yana faruwa, ya fitar da littafi a 1994, jami'ar ta kafa kwamitin da ya yi sama da shekara yana bincikar aikinsa, a ƙarshe ba a hukunta shi ba. Abin da Mack ya gani daidai ne. Inda ya zame shi ne zaton cewa mai hankali ba zai firgita haka a kan abin da bai faru ba.

Abokan aikinsa a Harvard ɗin ne suka gwada wannan zato. Richard McNally da tawagarsa sun samo mutum goma masu cewa an sace su, aka naɗi labarin kowannensu a kaset, aka kunna masa ana auna bugun zuciya da gumin fata da ɗaurewar tsokar fuska. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna jikinsu ya tashi kamar yadda na tsofaffin sojojin da yaƙi ya bar wa firgici yake tashi idan aka tuna musu fagen fama. Masu gaskata sacewa suka yi murna, suka ce ga hujja. McNally ya ce a'a, abin da aka auna shi ne ƙarfin gaskatawa. Jiki ba ya tambayar ko abu ya faru, abin da zuciya ta yarda da shi yake bi. Kuma dukkan goman sun ba da labarin abin da ya yi daidai da dannau, takwas daga cikinsu sun bi ta hannun masu dawo da tunani. Susan Clancy, a wani gwajin na 2002, ta karanta wa irin waɗannan mutane jerin kalmomi kamar sukari, zuma, alewa, ɗaci, tsami, ba tare da kalmar "zaƙi" ba. Kowa na iya ruɗuwa ya ce ya ji ta, amma su sun fi sauran mutane yawan rantsuwa cewa tana ciki. Ƙaramin bambanci ne, ba cuta ba, sai dai yana nuna ƙwaƙwalwar da ta fi saurin ɗaukar abin da ta raya a matsayin abin da ta gani.

Ba kowane labari ne ya faru a kan gado ba, kuma bai kamata a tura su duka cikin buhu ɗaya ba. Su Hill a mota suke, cikin dare, bayan doguwar tuƙi da gajiya, a yanayin da gyangyaɗi na daƙiƙoƙi da ɓacewar lissafin lokaci ba abin mamaki ba ne. Travis Walton, mai aikin saran itace a Arizona, ya ɓace kwana biyar a Nuwamba 1975, abokan aikinsa shida suka ce sun ga haske ya buge shi. Wannan dannau ba zai bayyana shi ba. Abin da aka sani shi ne lamarin ya zo mako biyu bayan an nuna fim ɗin labarin su Hill a talabijin, wata jarida ta ba su kyautar dala 5,000, kuma gwaje-gwajen na'urar gano ƙarya da aka yi sun saɓa wa juna. Kowa na iya yanke nasa hukunci, amma babu wani abu na zahiri da ya fito daga dajin. Haka yaran makarantar Ariel a Ruwa ta Zimbabuwe, su wajen sittin, da suka ce sun ga wani abu ya sauka da hantsi a Satumba 1994. Ba su ce an ɗauke su ba, kuma an yi ta yi musu tambayoyi a gaban juna kafin Mack ya iso bayan makonni. Rashin cikakken bayani a kan wani lamari ba ya mayar da shi hujjar jirgi daga taurari.

Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne shirun da shaidar zahiri ta yi. Shekara sittin da ɗoriya ana shiga jirage, babu wanda ya fito da ko ƙusa. Ƙananan abubuwan da aka ciro daga jikin wasu aka ce na'urori ne da aka dasa musu, waɗanda aka kai ɗakin gwaji sun zama ɓarɓashin ƙarfe ko gilashi ko zare da nama ya lulluɓe. Matar da ke kwance gefen wanda aka ɗauke ba ta ga komai ba, sai a ce ai an kashe mata hankali. Kyamara ba ta ɗauka ba, sai a ce ai sun iya kashe ta. Bayanin da duk rashin hujja ke ƙara masa ƙarfi ya fita daga abin da za a iya gwadawa. Yau kusan kowane aljihu da kyamara, gidaje da tituna cike da su, amma hoton sacewa ko ɗaya bai bayyana ba. Zancen haihuwa tsakanin mutum da baƙin ma ba ya tsayuwa: doki da jaki, da duk kusancinsu, alfadari suke haifa, shi kuma ba ya haihuwa, balle halittar da ba ta haɗa komai da rayuwar wannan duniya ba.

Wannan kuwa daban yake da tambayar ko akwai rai a wani wuri. An tabbatar da duniyoyi fiye da 5,000 da ke kewaya wasu taurari, kuma masana da yawa suna ganin zai yi wuya a ce mu kaɗai ne. Matsalar nisa ce. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, haske ma sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso daga can. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, mai gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, zai buƙaci sama da shekara 70,000 ya ci wannan tazara. Kwamitin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kafa ya faɗa a 2023, ofishin ma'aikatar tsaron Amurka mai binciken abubuwan da ake gani a sama ya maimaita a 2024, cewa ba su sami shaidar fasahar wata duniya ba. Wanda bai yarda da gwamnati ba yana da 'yancinsa, amma rashin yarda da ita ba ya samar da shaidar da babu.

Akwai abu ɗaya da zai sa in sauya ra'ayi ba tare da jayayya ba: wani daga cikin waɗanda aka ɗauke ya dawo da ilmin da babu wanda ya san shi a duniya, daga baya a bincika a tarar haka ne. Saƙonnin da suke kawowa kuwa kullum damuwar zamaninsu ce, a shekarun yaƙin cacar baka gargaɗi kan makaman nukiliya, daga baya gargaɗi kan gurɓatar muhalli. Sau ɗaya aka kusa samun abin gwadawa. Betty Hill ta zana taswirar taurari da ta ce an nuna mata a jirgin. Wata malamar makaranta a Ohio, Marjorie Fish, ta shafe shekaru tana rataye duwatsun ado da zare tana kwaikwayon matsayin taurarin da ke kusa da mu, har ta ce zanen ya dace da sama kamar yadda za a gan ta daga Zeta Reticuli, tazarar shekarar haske 39. Wata mujallar ilmin taurari ta buga wannan a 1974, aka yi ta muhawara. Carl Sagan da Steven Soter suka ce in aka ba mutum ɗigo goma sha wani abu da 'yancin zaɓar taurari da kusurwar kallo, dole ya sami abin da ya yi kama. Sannan tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Hipparcos, da aka harba a 1989, ya auna nisan taurarin da kyau, aka tarar wasu daga cikin waɗanda Fish ta dogara da su ba sa inda ta zata, wasu kuma ba irin waɗanda ƙa'idarta ta yarda a saka ba ne. Ita kanta daga baya ta ce ba ta ƙara ganin dacewar a matsayin abin dogaro ba.